Gida a Kan Taya, Yara a Sansani: Dogon Hutu a Amurka

Yau za mu ƙetare teku zuwa Amurka, mu duba yadda wasu iyalai ke haɗa abu biyu a lokacin dogon hutun makaranta: yawon buɗe ido a motar tafi-da-gidanka, da kuma kai yara sansanin yini. 'Yan uwanmu mazauna can, masu kama mu ta intanet, wannan magana taku ce kai tsaye. Mu na gida kuma za mu ga yadda wasu ke fama da tambayar da kowane mahaifi ya sani: makaranta ta rufe, ina za a kai yara?

A Amurka makarantu kan rufe a ƙarshen watan Mayu ko cikin Yuni, sai Agusta ko farkon Satumba a koma. Mako goma ke nan ko fiye. A gidaje da yawa uba da uwa duk ma'aikata ne, kuma dokar tarayya ba ta tilasta wa kamfani ya ba ma'aikaci hutun shekara mai albashi ba. Wanda ya samu, in sabon shiga ne, bai cika wuce mako biyu ba. A wajenmu da an yi hutu sai a tura yaro wurin kaka ko gwaggo, ko ya wuni da sa'o'insa a unguwa, idon kowa na kansa. Can kuwa kaka tana wata jiha, ko ma wata nahiya, sannan barin ƙaramin yaro shi kaɗai a gida yana iya jawo wa iyaye tuhumar sakaci daga hukuma.

Wannan giɓi shi sansanin yara ke cikewa, kuma al'adar ta daɗe. A 1861 wani malamin makaranta a jihar Connecticut, Frederick Gunn, ya kwashi ɗalibansa suka yi zaman mako biyu a tantuna, kuma daga nan aka saba kirga mafarin abin. A 1885 aka kafa Camp Dudley a ƙarƙashin ƙungiyar YMCA, yana nan yana aiki har yau. Sansanin iri biyu ne. Akwai na kwana, inda yaro zai bar gida mako ɗaya ko fiye. Akwai na yini, wanda shi ne batunmu: a kai yaro wajen ƙarfe tara na safe, a ɗauko shi ƙarfe uku ko huɗu na yamma, Litinin zuwa Juma'a, ana biya mako-mako. YMCA na shiryawa, ƙananan hukumomi na shiryawa, haka gidajen namun daji da gidajen tarihi da coci-coci da wasu masallatai. Yara su yi iyo, su tuƙa kwale-kwale, su koyi harbi da baka, su hau doki, su yi zane da ƙere-ƙere.

Ita kuwa motar, wadda can ake kira RV, gida ce sukutum a kan taya. Akwai gadaje, akwai murhun gas da firji, akwai banɗaki da tankin ruwa. Wata injinta na jikinta, ana tuƙa ta kamar bas. Wata tirela ce, ana jan ta da a-kori-kura. Mafi yawansu a jihar Indiana ake ƙera su, a garin Elkhart da kewaye. A 2021 gidaje fiye da miliyan 11 ne suka mallake ta, kuma a wannan shekarar, lokacin da annobar korona ta sa mutane gudun jirgi da otal, masana'antun sun fitar da kimanin 600,000 a shekara ɗaya. Wanda ba shi da ita yana iya haya. Akwai zangon da aka tanada domin irin waɗannan motoci, inda za ka ajiye, ka jona wuta da ruwa da bututun zubar da ƙazanta. Kamfanin KOA, wanda ya fara da zango ɗaya a Billings ta jihar Montana a 1962, yanzu yana da fiye da 500 a Amurka da Kanada.

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa. Ta yaya za a yi tafiya alhali yaro yana da wurin da ake jiransa kowace safiya? Amsar da na gamsu da ita ɗaya ce: motar ta tsaya. Iyalin da suka ci moriyar wannan dabara su ne waɗanda suka haƙura da tsalle daga gari zuwa gari, suka zaɓi wuri ɗaya, suka kafa zango na mako ɗaya ko biyu, suka sa yara a sansanin da ke kusa. Da safe a kai su. Uwa ko uba su buɗe kwamfuta a teburin motar su yi aikin ofis daga nesa, ko kuma su samu sa'o'i shida na hawan dutsen da ƙafar ɗan shekara shida ba za ta iya ba. Da yamma a ɗauko yara, a hura wuta, a ci abinci tare. Asabar da Lahadi na iyali ne gaba ɗaya.

(Gajeren kiɗa)

Bari mu ɗauki wuri guda domin maganar ta fito fili. Garin Estes Park a jihar Colorado, tafiyar kimanin sa'a ɗaya da rabi daga birnin Denver, yana bakin ƙofar gandun ƙasa na Rocky Mountain, wanda aka kafa a 1915. A gefen garin akwai cibiyar YMCA of the Rockies, mai tarihi tun 1907, kuma tana gudanar da sansanin yini a lokacin bazara. A cikin garin da kewayensa akwai zangon motoci na 'yan kasuwa masu wuta da ruwa. A cikin gandun kansa akwai na gwamnati, masu arha da kyan gani, amma kada ka sa rai da irin wancan jin daɗi, kuma akwai iyakar kwanakin da za ka yi a lokacin cunkoso. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,300, wato kusan ninki biyu na tudun Jos. Yaron da ya taso daga bakin teku zai iya fama da ciwon kai da kasala a kwanakin farko, saboda ƙarancin iskar shaƙa. Don haka masu lura kan iso ranar Juma'a ko Asabar, jiki ya saba, a sha ruwa da yawa, kafin a shiga guje-guje ranar Litinin. Sannan a duwatsun nan hadari mai tsawa kan taso bayan azahar, shi ya sa rigar ruwa ba ta barin jakar yaro ko da gari ya waye garau.

Abu na farko a tsarin shi ne a fara neman sansani, sannan a nemi zango. Mutane da yawa kan juya abin, su kama wurin ajiye mota mai kyan gani, sannan su shiga neman inda za su kai yaro, su tarar an cika. Sansanonin da ake rububi kan buɗe rajista tun Janairu ko Fabrairu, ana tsakiyar sanyi. Na ƙananan hukumomi kuma sukan fara ba mazauna garin dama, baƙo ya jira, kuma ya biya kuɗi sama da na ɗan gari. Zangon gwamnatin tarayya da yawa ana kama su ta shafin Recreation.gov wata shida kafin ranar, kuma wurare masu farin jini kan ƙare a ranar da aka buɗe. Ka ga ke nan hutun Yuli tun a hunturu ake ƙulla shi.

Sai batun da sababbin shiga ke mantawa, wato da wace mota za a kai yaro kullum. In gidanka tirela ce, ba matsala, ka kwance a-kori-kurar ka tafi. In kuwa mai inji ce, kowace safiya sai ka cire wayar wuta, ka cire tiyon ruwa, ka naɗe rumfa, ka kulle kwanuka, ka tuƙa abu mai tsawon mita tara ko goma zuwa harabar da aka yi domin ƙananan motoci, da yamma ka sake. Ba wanda zai jure wannan kwana biyar. Shi ya sa wasu ke jan ƙaramar mota a baya, wasu su yi haya a garin, wasu su taho da kekuna. Ni dai shawarata, kada tsakanin zango da sansani ya wuce tafiyar minti ashirin, domin da yawa daga sansanonin suna cin tarar wanda ya makara wajen ɗaukar yaro, wasu ma da minti suke lissafi. Wanda zai yi aiki daga mota kuma ya tabbatar da sabis kafin ya biya kuɗin zango. A cikin kwari da duwatsu waya kan mutu murus, abin da ya sa wasu ke ɗaukar faifan intanet na Starlink.

Takardu kuma a haɗa su tun daga gida: katin rigakafi, takardar likita, bayanin inshorar lafiya, da sunayen waɗanda aka yarda su ɗauki yaro. Ba za a miƙa yaro ga wanda sunansa ba ya cikin takarda ba, kuma za a nemi katin shaida mai hoto, ko da uban ne. Za a kuma nemi lambar wani da za a kira in ba a same ku ba. Matafiyi ba shi da kowa a garin, to iyaye biyun kada su shige dajin da ba sabis a lokaci guda ba tare da sun bar lambar ofishin zango ba.

Ga wata magana da ta shafi 'yan uwanmu musamman. Sansanoni da yawa sun hana shigo da duk abin da ke da gyaɗa, saboda akwai yaran da ɗan kaɗan ɗinta ke iya toshe musu numfashi. Uwa, in kina haɗa wa yaro abincin rana, ki tuna cewa ƙuli-ƙuli gyaɗa ne, kilishi akwai tunkuza a jikinsa, yajin tsire ma haka. A bar su a mota sai dare. Iyalan Musulmi kuma su rubuta a takarda cewa yaro ba ya cin naman alade, su kuma san cewa alewar nan mai laushi da ake gasawa a bakin wuta, marshmallow, galibi da sinadarin da aka samo daga alade ake yin ta. Akwai ta halal, a saya a babban birni a taho da ita, kada yaro ya zauna yana kallon 'yan uwansa suna ci. Azahar tana faɗawa cikin lokacin sansani, kuma in an nemi ɗan wurin da yaro zai yi salla tun farko, abin bai cika gagara ba. Sallar Juma'a ce ke son lissafi. Daga Estes Park sai an gangara Boulder ko Fort Collins, tafiyar kimanin sa'a ɗaya, don haka tun da safe a san wanda zai ɗauko yara ranar.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu mu zo kan shi yaron, domin duk wannan shiri dominsa ake cewa ana yi. Motar tafi-da-gidanka, komai kyanta, ɗaki ɗaya ce. Yaro ya wuni da iyayensa da ƙannensa a wuri mai ƙunci, ba aboki, ba sa'a, kwana uku ya isa a fara faɗa a kan waya. Sansani yana ba shi abin da iyaye ba za su iya ba shi ba, wato sa'o'insa. Zai kuma haɗu da 'yan garin, ya ji yadda suke rayuwa, abin da mai wucewa a mota ba ya samu.

Amma akwai ɗaci a ciki, kuma ban ga amfanin ɓoye shi ba. Yaron matafiyi baƙo ne. Ranar Litinin zai shiga cikin yaran da suka san juna tun daga makaranta, suna da wasanninsu da sunayen da suke kiran juna. In ɗan Afirka ne a ƙaramin garin da baƙar fata ba su da yawa, baƙuncin ya zama biyu. Litinin da Talata yana laluben wuri, Laraba ya yi aboki, Juma'a a ce ya yi sallama. In aka maimaita masa haka a gari huɗu cikin wata ɗaya, an gajiyar da zuciyarsa, ko da hotunan tafiyar sun yi kyau. Shi ya sa nake ganin mako biyu a wuri ɗaya ya fi mako ɗai-ɗai a wurare biyu. Yaro mai kunya a sa shi tare da wansa ko yarsa in shekaru sun ba da dama. A gaya wa mai kula da rukuninsa tun ranar farko cewa wannan baƙo ne, a haɗa shi da wani. Kuma a tambayi yaron kafin a biya kuɗi. Ɗan shekara goma sha biyu da aka ce masa za a tafi hutun iyali, sannan ya ga ana sauke shi a hannun baƙi kowace safiya, yana da haƙƙin ya ji an yaudare shi. A faɗa masa gaskiyar tsarin tun a gida, a bar shi ya zaɓi irin sansanin da yake so.

Kafin a miƙa yaro, a yi tambayoyi. Dokar lasisin sansani ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Akwai ƙungiyar American Camp Association, mai asali tun 1910, wadda ke tantance sansanonin da suka nemi hakan da kansu. A ma'auninta na sansanin yini, mai kula ɗaya ga yara takwas 'yan shekara 6 zuwa 8, ɗaya ga goma 'yan 9 zuwa 14. A tambaya ko an binciki tarihin ma'aikata, ko akwai ƙwararren mai ceto a wurin iyo, da kuma asibiti mafi kusa.

Sai maganar ruwa, wadda nake roƙon a kasa kunne a kanta. Zangon mota da sansanin yara duk suna son bakin kogi, saboda sanyi da kyan gani. A daren 31 ga Yuli 1976, ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a kan kwarin Big Thompson, kan hanyar hawa Estes Park, ambaliya ta kashe fiye da mutum 140, da yawansu masu hutu. Waɗanda suka yi ƙoƙarin tserewa a mota ruwan ya cim musu, waɗanda suka bar mota suka hau dutse suka tsira, kuma har yau akwai alluna a kwaruruwan Colorado masu cewa a hau sama in ambaliya ta zo. Ranar 4 ga Yuli 2025 kuma, kafin asuba, kogin Guadalupe a jihar Texas ya ƙaru da kusan mita 8 cikin minti 45. Ya share zangon motocin da ke bakinsa da iyalai a ciki suna barci. A sansanin 'yan mata na Camp Mystic, yara da masu kula da su 27 suka rasu, kuma jimillar mamatan ambaliyar ta haura 130. Allah Ya kiyaye mu. Duk wanda zai kafa zango, ya duba tudun da zai gudu kafin ya duba inuwar da zai zauna. Ya tambayi sansani ina suke kai yara in ruwa ya taso, da yadda za su sanar da iyaye. Ya kuma ajiye ƙaramar rediyon gargaɗin yanayi mai batir, wadda ke yin ƙara da kanta, domin waya ba abin dogaro ba ce a cikin kwari.

Hayaƙin janareta ba sai na yi dogon bayani ba, mun sha jin iyalan da suka kwanta ba su tashi ba. A mota haɗarin ya fi, saboda wurin ƙarami ne kuma a rufe. Kada a kwana da janareta a kunne, kada a ɗumama mota da murhun gas, a kuma gwada na'urar gargaɗin hayaƙin kafin a bar gida. In mota na tafiya, yaro ya zauna a kujerar da ke fuskantar gaba, da bel, ƙarami kuma a kujerarsa ta yara. Gado da doguwar kujerar gefe ba wurin zama ba ne a kan hanya, kuma jihohi da yawa sun haramta ɗaukar mutum a cikin tirelar da ake ja. Kowace yamma a duba jikin yaro saboda kaska, a bayan kunne, cikin gashi, hammata da bayan gwiwa, musamman a arewa maso gabas da yankin manyan tafkuna, inda take yaɗa cutar Lyme. In an cire ta da wuri haɗarin kamuwa yana raguwa ƙwarai.

Game da kuɗi, kada wani ya ɗauka wannan hanya ce mai arha. Babbar mota mai inji kan ci lita ɗaya a kilomita uku zuwa huɗu, ga kuɗin zango kowane dare, ga na sansani kowane mako ga kowane yaro. Tsayuwa wuri ɗaya tana rage kuɗin mai, kuma zango da yawa suna sassauta farashi ga mai kama mako guda. Akwai kuma rangwamen haraji: hukumar haraji ta IRS tana lissafa kuɗin sansanin yini a matsayin kuɗin renon yaro ɗan ƙasa da shekara 13, amma ba ta lissafa na kwana. Sharaɗin shi ne an kai yaron ne domin iyaye su samu yin aiki ko neman aiki. Makon da kuka ɗauki hutu kuna yawo ba ya ciki, makon da kuke aiki daga mota yana iya shiga, sai a karɓi rasit a ajiye.

Wanda aljihunsa bai kai sansani ba, gandayen ƙasa suna da shirin Junior Ranger. Yaro ya karɓi ɗan littafi a ofishin baƙi, ya cika ayyukan da ke ciki, ya halarci bayanin jami'in gandu, a ɗaura masa baje. Galibi kyauta ne, sai dai ba reno ba ne, dole babba ya kasance tare da shi. Sannan tun 2015 duk ɗan aji huɗu na firamare a Amurka yana iya karɓar katin shiga gandayen tarayya kyauta, shi da waɗanda ke cikin motarsu, daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta. Katin yana ɗauke kuɗin shiga ne kawai, na kwana a zango yana nan. Ana neman sa ta intanet da sunan Every Kid Outdoors, kuma sai an buga takardar an riƙo ta a hannu, ba a karɓar hotonta a waya.